Goyon Jini da Igiya Mai Hannu Dubu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya ba ɗan Adam hannu biyu da ido biyu a jiki ɗaya. Ni ne Ƙosau ɗan Mantau, mai tufka, mutumin Tudun Rama. Kun dame ni da tambaya a kan baƙin dutsen nan na ƙofar gidanmu, wanda ba a niƙa a kansa, ba a wasa wuƙa da shi, ba a barin akuya ta hau. To ku gyara zama. Dutsen ba na ƙasar nan ba ne, kuma ba jaki ne ya kawo shi ba.

Ina saurayi na fi kowa iya tufka a garin nan, kuma na fi kowa sanin haka. Sai wasu fatake suka kawo labarin wani gari a ƙarshen duniya, Birnin Bisa, inda ake da igiyar da mutum dubu ke ja ba ta tsinke. Daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi. Na ce sai na je na ga yadda aka murɗa ta. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, da ta ga ba ta da mai ji sai ta kira wana Korau, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, ta ce, "Bi shi. Wannan idan ya ga igiya ta shiga rijiya, bin ta zai yi." Da za mu fita ta riƙe hannuna da nasa ta ce, "Ku biyu kuka fita, ku biyu nake jira."

Muka ƙetare dajin da itatuwansa ke zubar da gishiri maimakon ƙaro, muka ratsa ƙasar mutanen da ke kwana a kan raƙuma don tsoron macizan yashi, har muka iso Kogin Tafasa. Ruwan kogin nan tafasa yake yi dare da rana, kifinsa ma a dafe ake tsintarsa a gaɓa. Ba mai fito a wurin. Abin da ke akwai wani ƙaton bijimin sa ne na tagulla da mutanen zamanin da suka ƙera suka kafa a tsallake, yana juya wata dabaran, wato gargare mai haƙora, sarƙa na jan jirgi ya zo ya koma. Waɗanda suka ƙera shi sun mutu tun ba a haifi kakan kakana ba, shi kuwa bai ji labari ba. Jirgin kan taɓa gaɓa ne kawai ya juya, ba ya jiran kowa.

Mun tarar da ayari a wurin. Jirgi na taɓa ƙasa aka yi caa a kansa. Wani bafatake mai kaya ya makara da taku ɗaya, ya faɗa tsakanin jirgi da gaɓa. Ihu ɗaya ya yi. Da ya ɗago hannu, fatar ta riga ta saɓule. Korau ya miƙa masa sanda, sarƙa ta kama ƙafar Korau ta haɗa da katako, na ji ƙashin ya yi ƙas. Tana jan sa zuwa bakin wata ƙaramar dabaran da ke cikin jirgin, ni ina dukan sarƙar da hannu kamar mahaukaci, ina yi wa san tagulla ihu ya tsaya. Da hankalina ya dawo sai na kwance igiyar ƙuguna, na cusa ta cikin haƙoran dabaran dunƙule guda. Ta shaƙe, ta yi gurnani, sarƙar ta yi sako-sako na ɗan lokaci, na fizge shi. Dabaran ta cinye igiyar ta ci gaba da aikinta.

A bayana na goya shi har wani gari da ke gindin dutse, ana ce masa Kwarin Tsamiya. Akwai maɗori a can, gidansa na ƙarƙashin babbar tsamiyar da ke tsakiyar gari. Ya ɗaure ƙafar da karare ya ce sai an yi wata da watanni kafin ta taka.

A garin nan na ga al'adar da ban taɓa ganin irinta ba. Wata safiya wasu maza biyu suka yi rigima a kan kan iyakar gona, ɗaya ya sara wa ɗaya fartanya a wuya. Jini ya yi tsartuwa har kan zanen matan da ke wucewa. Na zaci za a yi ta kansa da duwatsu. Sai na ji jama'a sun ɗauka baki ɗaya: "Goya! Goya!" Aka ɗora masa gawar a baya, aka ɗaure da majanyi yadda ake goya jariri, kan mamacin na lilo a kafaɗarsa, jinin na bin gadon bayansa. Haka ya taka har ƙofar uwar wanda ya kashe. Ya sauke, ya faɗi sunan mamacin da bakinsa, ya ajiye wuƙa a gabanta, ya durƙusa. Matar ta ɗauki wuƙar ta yanke masa kunne, ta shige gida.

Uwar garin, wata tsohuwa mai suna Iya Tabawa, ta dube ni ta ce, "Goyon jini ke nan, ɗan nan. Wanda ya kashe shi ke kaiwa, ko a faɗa ko a yaƙi. Abin da uwa ta ga dama shi za ta yi. Shi ya sa mazanmu ke daɗewa suna zage-zage kafin su zare ƙarfe."

Na ce, "To Iya, waɗancan matan fa da ke zaune a ƙofofinsu kan tabarma tun da na zo? Da gidajen nan da suka rurrushe?"

Ta nuna dutsen da ya tokare gabas. "Mutanen Birnin Bisa 'yan'uwanmu ne, al'adarmu ɗaya. Mun yi rigima a kan idon ruwa. Da can sai mu fita fili, a kashe biyu ko uku, a goya, kowa ya ji kunya a koma gida. Yanzu duwatsu ke faɗo mana daga bayan dutsen can. Mu binne namu, uwaye su shimfiɗa tabarma su jira mai zuwa ya faɗi suna. Ba wanda ya taɓa zuwa."

Tausayi ya kama ni, amma zancen igiya bai sake ni ba. Na ce wa Korau zan hau in gani in dawo. Ya dube ni daga kan gadon kara ya ce, "Je ka, Ƙosau. Amma ka gaggauta, ƙurar garin nan ba ta yi mini ba." Na yi masa dariya na ce ƙafa ɗaya ta mai da shi matsoraci.

Birnin Bisa gari ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ruwa na bin bututu har cikin gidaje, ƙofofi na buɗe kansu da nauyin dutse, ba ka ganin saurayi mai yankakken kunne. Ranar da na shiga ana biki. A tsakiyar gari akwai doguwar katanga, a jikinta rami guda, daga ramin igiya ta fito mai kaurin cinyata, ta miƙe har ƙarshen dandali. Na durƙusa ina shafa ta kamar na ga ɗan'uwa. Makaɗa suka saki ganga, maza da mata da tsofaffi suka yi layi suka kama, wata mata ta ja ni ta ce, "Baƙo, sa hannu, ba a kallon Ja, yin ta ake yi." Na sa hannu. Aka yi waƙa, aka ja, aka sake ja, sai wani abu ya yi gum a bayan katanga har ƙasa ta motsa. Aka yi guɗa, aka fito da nama da fura. Na ci har na yi gyatsa.

Da na matsa da tambayar wanda ya yi igiyar, aka kai ni wurin Barmo, Sarkin Ƙira, wani dattijo siriri mai ƙonannun yatsu da sanyin murya. Da ya ji sana'ata sai idonsa ya yi haske. Ya kama hannuna ya shigar da ni ta wata ƙaramar ƙofa zuwa bayan katangar.

Abin da na gani majaujawa ce, amma wadda tsawonta ya fi rimi. Hannunta na itace da ƙarfe, a gindinta akwatin duwatsu mai girman ɗaki, a bakinta raga. Igiyar da muka ja ta ƙare a kan wata ƙatuwar sakata. Idan sakatar ta fita, akwatin ya faɗi, hannun ya tashi, abin da ke cikin raga ya haye dutse ya nufi yamma. Na tsaya na dubi yamma. Naman da na ci ya taso mini, na amayar da shi a kan takalman Barmo.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Kowa haka yake yi da farko."

Na ce, "Baba, mutane ne a can. Wana yana can."

Ya ce, "Zauna, samari. Na goya sau ɗaya ina da shekarunka. Har yau ina jin numfashin da babu shi a wuyana. Na rantse ba ɗan garin nan da zai sake ɗaukar wannan. Da farko don ɗaga duwatsun madatsar ruwa na ƙera ta. Da rigima ta tashi sai na ga tana iya wani aikin. Alƙalanmu suka zauna suka duba: idan dubu suka ja, wa ya kashe? Cire hannun kowane ɗaya, sakata za ta fita duk da haka. Ke nan ba shi ba ne. Tun daga ranar ba mu binne saurayi ko ɗaya ba. Ka ce mini wannan mugun abu ne."

"To katangar fa? Me ya sa aka yi ta?"

"Don ƙura," in ji shi. Bai dube ni ba da ya faɗa.

Na ce zan tafi. Ya girgiza kai ya ce wanda ya ga bayan katanga ba ya fita gari, dokar Sarkin Yaƙi Gagarau ce. Sannan ya nuna mini wata sabuwar majaujawa da ake gamawa, ta ninka ta farkon. Tsohuwar igiya ta fara cin kanta, yana bukatar sabuwa, idonsa kuma ya yi rauni. Ya warware bakin igiyar ya nuna mini sirrin da na bar uwata dominsa: zaren ƙarfe ne mai kaurin ɗan yatsa a tsakiya, rama kuwa riga ce aka tufke masa tam don hannu ya samu wurin kamawa. Shi ke nan. Na taka rabin duniya don in ga waya cikin riga.

Na tambaye shi inda sabuwar majaujawar za ta jefa. Ya tsuguna ya ja layuka a ƙasa, yana bayani da murna irin ta mai nuna ɗansa na fari. "Tsakiyar garinsu. An ce akwai wata itaciya a wurin."

"Tsamiya ce, Baba. Gidan maɗori na ƙarƙashinta."

"Ni ban san tsamiya ba," ya ce. "Nisa na sani, da nauyi."

Na yi ƙoƙarin gudu ta magudanar ruwa, dogaran Gagarau suka kamo ni suka fasa mini baki da gindin mashi. Haƙoran nan biyu da kuke tsokanata da su, a can na bar su. Suka ɗaure ƙafata da sarƙa a rumfar tufka suka zube mini rama. Na zauna ina tofar da jini ina duban zaren ƙarfen, sai dabara ta zo mini. Na tufka igiyar da ban taɓa yin mai kyanta ba. Sai dai ban ɗaure rigar da zaren ba. Na shafe zaren da man kaɗanya daga farko har ƙarshe, na bar rigar a kansa kamar kube a kan wuƙa. A wurin sakata kuma na roƙi Barmo ya bar ni in goge ta in sa mata mai, na ce don kada ta ci igiya. Na goge ta har ya zama ɗan ƙaramin ja ya ishe ta.

Ranar Ja ta zo da hantsi. Dutsen da aka sa a raga baƙi ne, shanu da yawa suka jawo shi. Ganga ta tashi, gari ya kama igiya, Gagarau na tsaye da jar riga yana ba da waƙa. Aka ja. Rigar ta zame salalaf, mutum dubu suka zube a kan juna, ƙafafu sama. Da ƙura ta lafa sai ga zaren ƙarfe shi kaɗai ya fito daga ramin katanga, tsirara, yana ƙyalli, tsawonsa bai wuce wurin hannu ɗaya ba, don a nan na yanke shi.

Na miƙe da sarƙata na ɗaga murya. "Mutanen Bisa! Majaujawarku lafiya lau take, dutse na cikin raga. Yanzu ba ta bukatar dubu. Tsohuwa ma za ta iya. Mai so ya zo ya ja!"

Ba wanda ya motsa. Mutanen da suka yi shekaru suna ja da waƙa suka tsaya suna kallon ɗan zaren nan, kowa ya ɓoye hannunsa a hammata. Gagarau ya nuna wani ƙato cikin dogaransa ya ce, "Kai, ja." Dogarin ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da baya ɗaya ne." Gagarau ya zare takobi ya sare shi daga kafaɗa har ƙirji. Kafin gawar ta gama faɗuwa, kalmar da suka daɗe ba su furta ba ta fito daga bakin matan gari: "Goya! Goya!" Ya kai sara hagu da dama, ya yanke yatsun wani, suka danne shi da yawa, suka ɗaure masa dogarinsa a baya da jar rigarsa.

Na yi dariya da fasasshen bakina. Na ce a raina na gama, Korau ya tsira, Inna za ta ga biyu.

Ban lura da Barmo ba. Yana tsaye kusa da ramin, yana duban zaren, leɓensa na motsi. Ba fushi a fuskarsa, ba ƙiyayya. Na san wannan kallon, don shi ne ya fitar da ni daga gidanmu. Ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, "Shekarun da na yi ina auna ta. Ko za ta kai?"

Na yi ihu, "Baba, kada!" Sarƙa ta fizge ƙafata na faɗi.

Da yatsa biyu ya ja.

Ƙasa ta girgiza, inuwar dutsen ta wuce ta kanmu. Barmo ya bi ta da ido har ta ɓace, ya ce, "Ta kai." Sai ya dubi yatsunsa.

Ba wanda ya taɓa shi. Da kansa ya kama hanyar yamma, gari duka ya bi shi, ni ma aka kwance ni. Muka gangara Kwarin Tsamiya. A ranar mutanen Bisa suka fara ganin inda waƙarsu ke sauka: rusassun ɗakuna, yara masu dungu, da matan nan a kan tabarmi. Matar da ta ce in sa hannu ta zauna a tsakiyar hanya ta ɗora hannu a ka. Tsamiya ta rabe biyu. Gidan maɗori babu shi. Na tona da faratana har suka ɓalle, na sami Korau, kararen ɗorin na nan a ƙafarsa yadda aka ɗaure su. Ƙafar ta kusa warkewa.

Na zauna a cikin ƙasar nan na rungume kansa. Na so in mutu, ba na ɓoye muku.

Mutanen da dutsen ya kashe suna da yawa. Barmo ya goye su ɗaya bayan ɗaya, ya kai kowa ƙofar uwarsa, ya tambayi sunan ya faɗa. Wata ta tsaga masa kumatu, wata ta cire masa yatsun nan biyu, wata ta tofa masa yawu ta rufe ƙofa. Mutanen garinsa kuwa suka koma suka rushe katangar da hannunsu. Abin da suka yi da majaujawar daga baya ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Da aka zo kan Korau, Iya Tabawa ta ce, "Ina uwarsa?"

Na ce, "Tana Tudun Rama, bayan Kogin Tafasa, bayan dajin gishiri. Kuma mu a wurinmu ba a kwana da gawa, Iya."

Ta yi tunani ta ce a kawo ma'aunin hatsi. Aka ɗora wana a gefe ɗaya, aka farfaso daga baƙin dutsen da ya kashe shi, ana sassaƙa har gefen biyu suka daidaita. Muka binne Korau a gindin rabin tsamiyar. Aka ɗaura wa Barmo dutsen a baya da majanyi.

Yana gaba ina baya, haka muka taho. Ban taimake shi ba ko sau ɗaya, bai kuma roƙa ba. A Kogin Tafasa ya tsaya yana kallon san tagulla, na ga idonsa na bin haƙoran dabaran, sai ya kau da kai. Majanyin ya ci kafaɗarsa har ƙashi ya bayyana, ƙudaje na bin mu. A dajin gishiri ya faɗi, na tsaya a kansa da sanda, na ce, "Tashi, wana bai iso gida ba." Ya tashi. A hanya ya fara tambayata irin abincin da Korau ke so, da yadda yake dariya. Da farko na ƙi. Daga baya na faɗa masa, don ba ni da wani wanda zan faɗa wa.

Mun iso da la'asar. Inna na bakin ƙofa tana tsince wake. Ta dube ni, ta dubi bayana tana neman na biyu, ta ga tsoho a tanƙware. Barmo ya kwance majanyi, dutsen ya sauka a inda kuke ganinsa. Ya ajiye wuƙa a gabanta ya durƙusa ya ce, "Korau ɗan Mantau. Ni na kashe shi, da hannuna, ni kaɗai. Wannan nauyinsa ne."

Wuƙar na nan a ƙasa, Inna ba ta ko dube ta ba. Barmo ya rayu a garin nan, shi ne tsohon da wasunku suka sani yana gyaran fartanya a bakin kasuwa, wanda bai taɓa iya miƙe bayansa ba har ya mutu. Amma a ranar ba mu san abin da za ta yi ba. Ta ajiye ƙwaryar wake, ta tashi, ta zagaya dutsen, ta sa hannu biyu ta gwada ɗaga shi. Bai motsa ba.

Ta ce, "Bawan Allah, da nauyi?"

Ya ce, "Da nauyi, Inna."

Ta zauna a ƙasa ta jingina kumatunta da dutsen, tana shafa shi. Ta ce, "Ya yi girma. Da hannu ɗaya nake ɗaga shi in sa a baya."

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, na kuwa sauke muku shi yadda na ɗauko. Ku tashi ku tafi gida, kuma idan za ku wuce ta ƙofar, ku bi ta gefe.